Fitar da Bidiyo Marar Bango Daga Manhajar Tace Bidiyo

Bidiyo marar bango shi ne wanda wasu sassansa ba su ɗauke da hoto, ta yadda in aka ɗora shi a kan wani bidiyo, abin da ke ƙasa zai bayyana ta waɗannan wuraren. Irinsa ne tambarin tashar talabijin da ke jujjuyawa a kusurwar allo, da sunan baƙo da ke shigowa ta ƙasa lokacin hira, da hayaƙi ko tartsatsin wuta da ake ƙarawa a fim, da mutumin da aka ɗauka a gaban koren ƙyalle aka ciro shi shi kaɗai. Fitar da irin wannan bidiyo daga manhajar tacewa ya bambanta da fitar da bidiyo na yau da kullum, domin akwai wani bayani na daban da dole ya shiga cikin fayil ɗin, kuma yawancin tsare-tsaren bidiyo ba su da wurin ajiye shi.

Layin alfa

Kowane hoto a kwamfuta tarin ɗigo ne da ake kira fiksel. A bidiyo na yau da kullum, kowane fiksel yana da lambobi uku: yawan ja, yawan kore da yawan shuɗi. Baƙi ma launi ne a wannan lissafi, wato sifili a duka ukun. Saboda haka babu wata hanya da lambobin nan uku za su ce "babu komai a nan". Sai an ƙara lamba ta huɗu, wadda ake kira alfa, ita ke faɗin yadda fiksel ɗin zai rufe abin da ke bayansa. A tsarin bit 8, wato mai matakai 256, alfa tana tafiya daga 0 zuwa 255. Sifili na nufin fiksel ɗin ba ya rufe komai, 255 na nufin ya rufe ruf, lambobin tsakiya kuma su ne shara-shara, kamar zanen da aka yi a jikin gilashi da fenti mai ruwa-ruwa.

Waɗannan lambobin tsakiya su ne ginshiƙin aikin. Gefen harafi, silin gashi, inuwa mai laushi, dusashewar abin da ke gudu da sauri, duk suna buƙatar matakai masu yawa tsakanin akwai da babu. Tsarin GIF na 1989 matakai biyu kawai ya sani, ko fiksel ya fito ko ya ɓace, shi ya sa gefen hotunansa yake fitowa kaca-kaca kamar an yanke da zarto.

Ed Catmull da Alvy Ray Smith ne suka fito da dabarar haɗa alfa da launuka a fayil guda, a shekarar 1977, lokacin suna aiki a Cibiyar Fasaha ta New York a Amurka. A 1984 Thomas Porter da Tom Duff, ma'aikatan kamfanin fim na Lucasfilm a lokacin, suka gabatar da takarda a taron masana zanen kwamfuta na SIGGRAPH wadda ta tsara lissafin ɗora hoto a kan hoto. Har yau wannan lissafin ne ke aiki a cikin kusan kowace manhajar tacewa: a ninka launin sama da alfarsa, a ninka launin ƙasa da abin da alfar ta rage, a haɗa su.

Mazubi da kodek

Nan ne mafi yawan masu koyo ke tuntuɓe. Ƙarshen sunan fayil, kamar MOV ko MP4, mazubi ne kawai. Abin da ke matse hotunan ya adana su shi ne kodek, kuma shi ke yanke hukuncin ko alfa za ta tsira. Fayil ɗin MOV zai iya ɗaukar alfa in kodek ɗin ciki ya yarda, zai kuma iya zubar da ita in an zaɓi wani. H.264, wanda shi ne ke cikin galibin fayilolin MP4 da ke yawo a intanet, ba ya ɗaukar alfa a yadda manhajoji ke fitar da shi. Duk wanda ya fitar da tambari marar bango da shi zai samu tambarin zaune a kan baƙin fili.

A tsakanin ƙwararru, ProRes 4444 na kamfanin Apple ne aka fi dogara da shi. Ya fito a 2009, kuma lambar 4 ta ƙarshe a sunansa ita ke wakiltar alfa. 'Yan uwansa masu lamba 422, duk da kyawun hotonsu, ba su ɗaukar ta. Shi 4444 yana adana launi har bit 12, alfa kuma har bit 16. Farashin hakan nauyi ne: a girman 1920 da 1080, firam (wato ɗaiɗaikun hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo) kusan 30 a daƙiƙa, yana cin kimanin megabit 330 a kowace daƙiƙa, wato minti ɗaya ya kusa gigabait biyu da rabi. Akwai kuma 4444 XQ na 2014, wanda ya fi shi nauyi, amma tambari ko rubutu ba su buƙatarsa. Banda su akwai CineForm na GoPro, da wasu nau'o'in DNxHR na Avid, da tsohon kodek ɗin Animation na QuickTime, wanda yake da kyau ga zane mai launi bai-ɗaya amma yakan kumbura sosai da zarar hoton kyamara ya shigo. Masu haska bidiyo a dandalin wasanni da manyan taruka sukan yi amfani da Hap Alpha, saboda katin hoto na kwamfuta ne ke warware shi.

Wata hanyar ita ce a bar bidiyo gaba ɗaya, a fitar da jerin hotuna, kowane firam fayil guda mai lamba. PNG, TIFF da TGA duk suna ɗaukar alfa, haka OpenEXR da kamfanin Industrial Light & Magic ya saki a 2003, wanda ya zama ruwan dare a aikin siddabarun fim. Jerin hotuna ba ya ɗauke da sauti, kuma dole mai karɓa ya gaya wa manhajarsa firam nawa ne a daƙiƙa. Amma yana da fa'ida babba: in kwamfuta ta tsaya ana tsakiyar aiki, daga firam ɗin da ta tsaya za a ci gaba. Ga aikin da ke ɗaukar awoyi, wannan kaɗai ya isa dalili.

Shafukan intanet suna da nasu sha'anin. WebM mai kodek VP8 ko VP9 yana ɗaukar alfa, Chrome kuma ya fara nuna shi tun 2013, Firefox ma yana nunawa. Apple ya bi tasa hanyar, a 2019 ya ƙara alfa a kodek ɗin HEVC, kuma shi Safari ke karɓa. Don haka masu gina shafi sukan ajiye fayil biyu, kowace burauza ta ɗauki nata. Masu watsa shiri kai-tsaye da manhajar OBS ma WebM suka fi so don sauyin fage, saboda rashin nauyinsa. Dandalin sada zumunta da YouTube kuwa sake matse duk abin da aka ɗora musu suke yi, alfar ta tafi.

Alfa tsantsa da alfa ninkakkiya

Ko da an zaɓi kodek daidai, saura tambaya ɗaya, kuma ita ta fi wahalar ganewa. Akwai hanya biyu ta adana launin fiksel mai shara-shara. A ta farko, wadda manhajoji ke rubutawa Straight, ana ajiye launin yadda yake, alfa kuma gefe guda. A ta biyu, Premultiplied, an riga an ninka launin da alfa kafin a ajiye. Misali fiksel ja ƙal da ke rufe rabin abin da ke bayansa: hanyar farko za ta rubuta ja 255 da alfa 128, ta biyu za ta rubuta ja 128 da alfa 128.

Babu wadda ta fi wata inganci a kanta. Matsala tana tasowa ne in mai fitarwa ya bi ɗaya, mai karɓa ya zaci ɗayar. In fayil ninkakke ne aka karanta shi a matsayin tsantsa, manhaja za ta sake ninkawa, jan nan na 128 ya koma wajen 64, sai wani siririn baƙin layi ya zagaye kowane harafi. In akasin haka ne, gefen zai yi haske fiye da kima, inuwa da hayaƙi su yi kauri su rasa laushinsu. Da yawa sukan ga wannan baƙin layin su koma suna goge gefen hoton da hannu, alhali gyaran bai wuce sauya zaɓi ɗaya a wurin da ake gaya wa manhaja yadda za ta fassara fayil ba.

Wasu tsare-tsaren sun yanke magana tun daga tushe. Ƙa'idar PNG ta ce alfarsa tsantsa ce, al'adar OpenEXR kuma ninkakkiya. ProRes 4444 yana iya zuwa da kowacce, shi ya sa yake da kyau mai aikawa ya rubuta wadda ya bi a sunan fayil. Fayil mai alfa tsantsa, in aka buɗe shi a manhajar kallo da ba ta san alfa ba, yakan yi muni, launi ya malala ya wuce gefen harafi. Wannan ba lalacewa ba ce. Da gangan ake barin launin ya wuce, alfa ce za ta datse shi daga baya.

Yadda ake yi a manhajoji

Sunayen maɓallai sukan sauya daga siga zuwa siga, amma matakan uku ne a ko'ina: a tabbatar babu abin da ke shimfiɗe a ƙasa, a zaɓi kodek mai alfa, a kunna alfar a wurin fitarwa. Na ukun ne ake yawan mantawa, domin zaɓen ProRes 4444 kaɗai ba ya kunna ta a kowace manhaja.

A After Effects, a saitin fitarwa ake mayar da Channels zuwa RGB + Alpha, a nan kuma ake zaɓar tsantsa ko ninkakkiya. Launin bangon da ake gani a fagen aiki ba ya shiga fayil in alfa tana kunne, amma shimfiɗar launi da aka sa da hannu tana shiga. A Premiere Pro ana zaɓar QuickTime da ProRes 4444, sannan zurfin launi mai ɗauke da alfa. A DaVinci Resolve akwai akwatin Export Alpha a shafin Deliver, wanda ba ya bayyana sai kodek ɗin da aka zaɓa yana iya ɗauka. In kuma a shafin gyaran launi aka cire koren ƙyalle, sai an ƙara mafitar alfa an jona ta, in ba haka ba aikin cirewar ba zai bar shafin ba. A Blender ana kunna Transparent a ƙarƙashin Film, sannan a zaɓi RGBA. Masu amfani da FFmpeg, manhajar sauya bidiyo da ake sarrafawa ta rubuta umarni, suna neman tsarin fiksel mai harafin a a sunansa, kamar yuva444p10le ga ProRes ko yuva420p ga VP9. Wani abin lura da FFmpeg: na'urar warware VP9 tasa ta cikin gida tana tsallake alfa, sai an umarce shi ya yi amfani da wata na'urar warwarewa mai suna libvpx kafin ya gan ta.

Abin da alfa ba ta ɗauka

Alfa tana faɗin yawan rufewa ne kawai. Ba ta san wasu hanyoyin cakuɗa launi ba. Walƙiyar da aka ɗora da tsarin Screen ko Add tana yin kyau a cikin aikin ne saboda manhaja tana haɗa haskenta da hoton ƙasa; in aka fitar da ita ita kaɗai, baƙin da ke kewaye da ita yakan biyo ta. Haka duk wani tasiri da ke aiki a kan abin da ke baya, irin dusar da shi ko lanƙwasa shi, ba zai tsallaka ba, tunda bayan ba ya cikin fayil ɗin. Irin waɗannan sai dai a fitar da su daban, mai karɓa ya sake sa tsarin cakuɗawar a wurinsa.

Gwaji ma yana da tasa ƙa'idar. Baƙin bango a manhajar kallo ba hujja ba ce cewa alfa ta ɓata, domin yawancinsu ba su da abin da za su nuna a wurin sai baƙi. Gwajin gaskiya shi ne a dawo da fayil ɗin cikin manhajar tacewa, a ɗora shi a kan launi mai ƙarfi, a duba gefe, sannan a sake dubawa a kan fari. Zanen darar nan mai fari da toka-toka da manhajoji ke nunawa alama ce kawai ta wurin da babu hoto. In aka gan shi a cikin fayil ɗin da aka fitar, to an ɗauke shi ne a matsayin hoto, kuma babu alfa a ciki.

In dole sai kodek marar alfa

Wani lokaci na'urar da za ta karɓi bidiyon ba ta san komai ba sai H.264. A nan ana raba aikin biyu: bidiyo ɗaya mai launuka, wani kuma fari da baƙi wanda ke wakiltar alfa, fari inda hoto yake, baƙi inda babu. Mai karɓa ya haɗa su. Gidajen talabijin sun daɗe suna aiki haka, na'urar zane tana aika sigina biyu ta waya biyu zuwa na'urar haɗa hotuna. Masu gina wasannin kwamfuta da manhajojin waya kan jera biyun gefe da gefe a firam ɗaya don kada ɗaya ya riga ɗaya. Sharaɗin shi ne su zo daidai a tsayi da girma da yawan firam, kuma kada a matse mai fari da baƙin sosai, domin duk ƙazantar da matsi ya jawo masa a gefen hoton za ta fito.