Waiwaye: Inda Maganin Feshi Ke Maƙalewa a Ƙasar Lambun Jos

Tsofaffin manoma ba su manta da Gamalin 20 ba. An yi feshin koko da shi a kudu, wasu ma har rafi suke tsiyaya shi don kifi ya taso sama. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, halinsu ɗaya da DDT: ba sa narkewa sosai a ruwa, ba sa ruɓewa da wuri. Shi DDT a 1939 Paul Müller na Suwizalan ya gano yana kashe ƙwari, Amurka ta hana fesa shi a gona a 1972. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 kan hana ko taƙaita irin waɗannan sinadarai, wadda Najeriya ke ciki, ta fara da guda 12, aka ƙara lindan a 2009.

To, hani ya tare ƙofar shigowa ne kawai. Wanda aka riga aka fesa fa, ina ya tafi?

A 1979 masana a Amurka, cikinsu har da Samuel Karickhoff da Cary Chiou, suka nuna cewa irin waɗannan sinadarai masu gudun ruwa ba yashi ke riƙe su ba. Ruɓaɓɓen ganye da saiwa da takin da suka zama baƙar ƙasa, su ne maɓoyarsu, kuma gwargwadon yawan wannan ruɓi, gwargwadon abin da ƙasa za ta kama. Ba a fatar ƙwayar ƙasa kaɗai suke tsayawa ba, kutsawa ciki suke yi, kamar jarkar da ta taɓa shan kananzir: a wanke ta sau goma, warin na nan. Daga baya aka gano gawayi da baƙin hayaƙi sun fi ruɓin ma riƙo, kuma idan sinadari ya daɗe a ƙasa yakan shige ƙananan ramukan da ƙwayoyin halitta masu cinye shi ba sa kaiwa. Shi ya sa DDT ke yin shekaru kafin rabinsa ya ɓace.

Ba kowane magani ke bin wannan hanya ba. A cikin magungunan kashe ciyawa, farakwat yumɓu yake kamawa, atirazin kuwa riƙonsa sakwa-sakwa ne, ruwa na iya wucewa da shi har rijiya.

A nan ne batun ya shafi Jos. Haƙar kuza da Turawa suka faɗaɗa tun farkon ƙarni na 20 ta birkice ƙasar sama, ta bar tsibin yashi da kududdufai. Da ruwan kududdufan nan da na rafin Dilimi 'yan lambu ke noman rani, su fitar da kabeji da karas da latas zuwa kasuwar Farin Gada. Ƙasar da aka birkice ba ta da ruɓi mai yawa, don haka abin da aka fesa ya fi saurin gangarawa cikin ruwan da gobe za a sake ban-ruwa da shi. Manoman sukan gyara ta da kashin kaji da tokar bola. Hakan na ƙara mata riƙo, amma a ganina ba a nan gizo ke saƙa ba: riƙewa ba kashewa ba ce, kuma tokar da aka ƙona leda a cikinta da nata dattin take zuwa. Idan ruwan damina ya zaizaye kunya, ƙasar da gubar da ta riƙe tare suke faɗawa tabon kududdufi, inda tarwaɗa ke kiwo.