Waiwaye: me ya sa gyaran pist ɗin jirgi ke cin wata da watanni?

Duk sanda zancen gyaran filin jirgi ya taso a fadarmu nan Damagaram sai gardama ta kaure, har shayi ya huce ba a gama ba. Wani ya ce pist, wato kwaltar da jirgi ke sauka da tashi a kai, da ba ta wuce kilomita 2 ko 3 ba, wadda ɗan kabu-kabu zai cinye kafin ka amsa waya, me zai sa a rufe ta wata da watanni, alhali hanyar mota ana shimfiɗa ta ana wucewa ta gefe? To abin ba yau ya faro ba.

Can da farko jirgi ba ya neman wani abin kirki. A 1925 da jiragen sojan Ingila suka fara sauka Kano fili kawai suka samu suka dira, lokacin ma Zinder ce hedkwatar Nijar, sai 1926 aka mayar Yamai. A share fili, a tsince duwatsu, a daɓe, shi ke nan. Ko jirgin DC-3 da ya yi tashe daga baya, cike da mutane da kaya bai fi tan 12 ba.

Inda mutane ba sa waiwaya shi ne 1970, shekarar da Boeing 747 ya fara ɗaukar fasinja. Wannan ya haura tan 300, tayoyinsa 18, amma 16 na tsakiya su ke shan nauyin, wato taya ɗaya tak na danna ƙasa da kusan tan 20, kamar ka ɗauki kamiyon da kayansa ka ɗora a kan wurin da bai kai faɗin tabarma ba, kuma a guje yake dirowa, wajen kilomita 250 a awa. Daga nan ne aikin ya koma ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya gani. Baƙar kwaltar nan da muke hangowa fata ce kawai, ƙarƙashinta akwai fasasshen dutse, ƙarƙashinsa jar ƙasa, hawa-hawa, kowane hawa sai an jiƙa an danne an auna, in bai kai ba a tone a sake. In kankare aka zuba kuma kwana 28 ne ma'aunin ƙarfinsa, ko kana da kuɗi kamar Ƙaruna sai ka ba siminti lokacinsa. Wanda ya taɓa zuba dal a gidansa ya sani, kullum da safe kana bin shi da bokitin ruwa kana ƙirga kwanaki.

Sannan ga ruwa, wanda ni a ganina shi ne babban ɓarawo. Zafin Afrilu ya gasa kwalta ta tsage, tsaga ƙarama wadda ko tsinke da ƙyar ya shiga, damina ta zo ruwa ya bi ta nan ya jiƙa jar ƙasar, shekara ta zagayo ya ƙara, sama lafiya lau ƙasa ta ruɓe. A hanyar mota rami sai direba ya kauce yana tsaki. Jirgi ba ya kaucewa, tsakuwa ɗaya ma in injin ya zuƙe ta an shiga uku. Shi ya sa in abin ya kai nan faci ba ya yi, sai an ƙwaƙule har ƙasa.

Galibin filayenmu kuma pist ɗaya gare su, ba gefen da za a bi. Abuja a 2017 sai da aka rufe filin sati 6 aka karkata jirage Kaduna. Enugu an rufe a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Agustan 2020, korona ma ta faɗo a tsakiya. Dubai da ke da guda biyu, a 2019 sun rufe ɗaya kwana 45 ɗayar tana ta aiki, duk da haka sai da aka rage jirage.

Ko an gama kwalta saura fitilu, saura fenti, saura magudanan ruwa, sai kuma wani ƙaramin jirgi ya zo ya yi ta shawagi yana gwada na'urorin sauka kafin a ce bismilla. Mu nan kuma in aka bari shantiye ya kai Yuli hadari ya fara haɗowa daga gabas, kwalta ba ta kama jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai dai a rufe injina da tamfol a jira sama ta washe.