Yadda Wikipedia ke auna ko ƙungiyar zaman lafiya ta cancanci a yi mata shafi

Akwai ƙorafin da nake yawan ji daga masu ƙungiyoyin sulhu da zaman lafiya, wai mun buɗe wa ƙungiyarmu shafi a Wikipedia amma ko sati bai rufa ba aka goge, alhali aikin alheri muke yi ba sata ba. Wallahi ina gane zafin abin. To amma dokar da ake kira ta shahara ba ruwanta da kyan aikinku ko tsarkin niyyarku, tambaya ɗaya take yi: su waye suka yi rubutu a kanku waɗanda ba ku ba?

A Wikipedia ta Turanci, inda aka fi tsaurara wannan doka a kan ƙungiyoyi da kamfanoni, ana so a samu madogara fiye da ɗaya, wato rubuce-rubucen da aka wallafa a kanku, kuma kowace ta cika sharuɗɗa ita kaɗai ba sai an jingina ta da wata ba. Ta zama kafa ce da aka yarda da ita mai editoci masu tace labari, ta zama ba ta da alaƙa da ƙungiyar, sannan ta yi bayani mai zurfi, marubucin ya yi nasa nazarin ba wai ya kwafo abin da kuka aika masa ya manna ba. Nan ne fa yawancin mutanenmu ke faɗuwa. Sanarwar da sakatarenku ya rubuta jarida ta buga, ku ne kuka yi magana. Hira da shugaba inda shi kaɗai ke ta zuba, ita ma haka. Labarin ziyarar ban girma ga mai martaba sarki da hoto ana musabaha, ko sunanku ya fito a layi ɗaya cikin jerin mahalarta taro, duk ana ɗaukarsu ambato ne kawai a wuce. Shafinku na Facebook ko da mabiya dubu nawa ne bai shiga lissafi, takardar rajista ta CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, kuwa tana nuna kuna nan ne kurum.

Ku dubi cibiyar sasanta mabiya addinai ta Kaduna da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka assasa a 1995. Mutum biyu da suka taɓa jagorantar matasa a ɓangarori masu gaba, Wuye ya rasa hannu a rikicin 1992, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwa, daga baya suka dawo suna aiki tare, da hannunsu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002 da kuma sulhun Yelwa da Shendam a Filato. Jaridun gida da na waje sun yi dogon rubutu a kansu, masana a jami'o'i sun yi nazari, gidauniyar Chirac ta Faransa ta ba su lambar yabo a 2009. Kun ga irin wannan ba sai su sun yabi kansu ba, wasu ne suka zauna suka rubuta, kuma ba a rana ɗaya ba.

Wani abu kuma, shahara ba a gadonta. Don tsohon gwamna ne uban ƙungiya ko wani babban malami na cikin amintattu, wannan bai wadatar ba. Haka reshen ƙaramar hukuma na wata babbar ƙungiya ta ƙasa, galibi a cikin shafin uwar ƙungiyar ake ambatonsa. Sannan ana so aƙalla madogara ɗaya ta fito daga kafar da ta wuce ta gari ɗaya, ta jiha ko yanki ko ƙasa.

Inda abin ke damuna shi ne aikin sulhu in ya yi nasara ba ya zama labari. Dattawan da suka zaunar da manoma da makiyaya kafin a zubar da jini, wane ɗan jarida ne zai je? Ga shi mu mutanen rediyo ne, ana watsa shiri ya bi iska babu inda aka adana. Duk da haka ina goyon bayan dokar, don in babu ta kowa zai zo ya rubuta tarihin kansa yadda ransa ke so kuma babu mai iya tantancewa. Abin daɗin dai ba dole sai da Turanci ba, rahoto mai zurfi a Aminiya ko BBC Hausa madogara ce cikakkiya, kuma tsohuwar jarida ta takarda irin Gaskiya Ta Fi Kwabo ma tana shiga ko ba ta intanet.

In aka kai shafinku zauren muhawarar gogewa, akan ba da kwana 7, kuma ba ƙuri'a ake ƙirgawa ba, don haka kar ku tara membobi su je su rubuta a bar shi, hujja ake dubawa. Ku kawo madogara biyu ko uku mafi ƙarfi da kuke da su. In kai ɗan ƙungiyar ne ka faɗa tun farko, in kuma biyanka aka yi ka rubuta to bayyanawa wajibi ce a ƙa'idojin Wikimedia, gidauniyar da ke kula da Wikipedia, tun 2014.