Tsawon Zaman Mai Jego a Asibiti Bayan Haihuwa ta Tiyata

Tsawon zaman mai jego bayan tiyata shi ne lokacin da ke tsakanin ciro jariri ta hanyar yanka ciki da mahaifa, abin da jama'a ke cewa "an yi mata aiki", da ranar da likita ya sa hannu a takardar sallama. A asibitoci da yawa na Najeriya, har da na jihar Bauchi, matar da aikinta ya tafi lafiya takan yi kwana uku zuwa biyar. Wannan adadi abu ne da aka saba da shi, babu dokar da ta yanke shi. Abin da likita ke dubawa shi ne dalilin da ya sa aka yi aikin, da halin da uwa da jariri suke ciki bayansa, da nisan gidan da za su koma daga wurin da za a iya ceton su idan wani abu ya taso da dare.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Amurka, matsakaicin zama bayan tiyata ya sauko daga kwana 7.8 a 1970 zuwa kwana 4 a 1992. Da kamfanonin inshora suka matsa a riƙa sallamar mata da wuri, majalisar ƙasar ta yi doka a 1996 da ta tilasta musu biyan kuɗin zaman awa 48 bayan haihuwa da kai, da awa 96 bayan tiyata. A Ingila kuwa ƙa'idar aiki ta yarda a sallami mace bayan awa 24 idan ba ta da zazzaɓi kuma babu wata matsala, amma da sharaɗin ungozomar gwamnati za ta bi ta gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko wadda ta haihu da kanta lafiya ta yi aƙalla awa 24 a asibiti, sannan a sake duba ta tsakanin awa 48 zuwa 72, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma a mako na shida.

Sharaɗin nan na bin mace gida shi ne ginshiƙin sallamar wuri, kuma shi ne abin da babu a yawancin garuruwanmu. Matar da aka kawo daga wani ƙauye a Alkaleri ko Ganjuwa, idan ta koma, ba mai zuwa ya auna mata jini ko ya buɗe bandeji ya duba. Saboda haka ɗauko awa 24 na Ingila a ɗora mata kuskure ne.

Akwai kuma bambancin irin aikin. Binciken kiwon lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 2.7 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi ta tiyata, a Arewa ma bai kai haka ba. Ma'anarsa, mafi yawan waɗanda ake yi wa aiki sai da abu ya ɓaci aka kawo su: doguwar naƙuda, jijjiga, zubar jini. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 22 aka wallafa a 2019 ya gano kusan kashi uku cikin huɗu na tiyatar haihuwa na gaggawa ne, kusan mace ɗaya cikin shida tana samun matsala bayan aiki, kuma mace-macen iyaye ya ninka na ƙasashe masu arziki kusan sau 50. Zubar jini ne ya fi yawa a cikin matsalolin.

Abin da ake tsaro a kowace rana

Awa 24 na farko na jini ne. A tiyata mace kan zubar da jini har kusan lita ɗaya, kuma idan mahaifa ba ta tsuke ba bayan an cire mabiyiya, zubar na iya ci gaba. Shi ya sa a awannin farko nas ke yawan zuwa tana auna bugun jini da hawansa, tana danna mara ta ji ko mahaifa ta yi tauri, tana duba audugar da aka sa. Jinin da ke zuba a cikin ciki ba a ganinsa a zane. Alamarsa bugun zuciya ya yi sauri, ciki ya kumbura, fitsari ya ragu, mace ta yi fari tana gumi. Wannan ne dalilin auna fitsarin da ke taruwa a jaka, inda ake son ya kai kimanin mililita 30 a kowace awa.

Idan allurar baya aka yi, wato wadda ke kashe jin zafi daga ƙugu zuwa ƙasa, motsin ƙafafu kan dawo cikin awa biyu zuwa huɗu. Da an ga haka kuma babu amai, sai a fara ba ta ruwa, sannan shayi ko kunu marar kauri. A da ana hana ci har sai hanji ya motsa, yanzu an gane cewa ci da wuri yana taimaka wa hanjin ya farfaɗo. Robar fitsari ana cire ta bayan awa 12 zuwa 24, idan mace ta iya miƙewa. Tashi da takawa a ranar farko, ko da zuwa bakin ƙofa ne da taimakon wani, magani ne: yana rage daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, wanda idan ya ɓalle ya tafi huhu yana kisa cikin mintuna. 'Yan uwa masu tausayi da ke cewa "bar ta ta kwanta, ɗinkin zai farke" suna cutar da ita ba da saninsu ba, domin tafiya a hankali ba ta farka ɗinki.

A rana ta biyu ake cire ƙarin ruwa, a koma magani na baki, a ɗebi jini a auna yawansa. Wannan awon yana da muhimmanci a nan, domin mata da yawa suna shiga naƙuda da ƙarancin jini tun asali, daga zazzaɓin cizon sauro da rashin abinci mai gina jini da haihuwa kusa da kusa. Maganin ciwo da aka saba bayarwa shi ne farasitamol giram ɗaya kowace awa shida, a haɗa da wani irin su Ibuprofen ko Diclofenac idan ƙoda lafiya take kuma babu gyambon ciki. Ba a ba mai shayarwa kodin. Macen da jininta yake rukunin da ake kira negatif, jaririn kuma fozitif, dole a yi mata allurar kariya cikin awa 72.

Rana ta biyu zuwa ta uku ce kuma ciwon kai da allurar baya ke jawowa yake bayyana. Ana gane shi da cewa yana tsananta idan an zauna ko an miƙe, ya lafa idan an kwanta. A rana ta uku nono kan kawo sosai, ko da yake bayan tiyata yakan ɗan jinkirta. Kafin nan dakashi ya ishi jariri, kuma ba a zubar da shi.

Sharuɗɗan sallama

Ana sallamar mace idan ta yi aƙalla awa 24 zafin jikinta bai kai digiri 38 ba, hawan jininta ya tsaya ƙasa da 150 bisa 100 da magani ko babu, jinin biƙi yana raguwa kuma ba ya wari, tana fitsari da kanta, tana ci, iska na fita, tana tafiya ba tare da jiri ba, kuma maganin baki ya ishe ta. Wurin ɗinki ya kasance a bushe. Bahaya ba sharaɗi ba ne, domin yakan kai kwana uku ko huɗu bai zo ba. Idan zaren da ke narkewa aka yi amfani da shi, babu zancen cirewa. Idan wanda ake cirewa ne, yankan kwance na ƙasan mara ana cire nasa a kwana 5 zuwa 7, yankan tsaye daga cibiya kuwa a kwana 7 zuwa 10, kuma wannan ana iya dawowa a yi shi ba sai an zauna jiransa a gado ba.

Waɗanda ke daɗewa

Mai hawan jinin ciki ko jijjiga ita ce aka fi yin kuskure a kanta. Ana ci gaba da ba ta allurar magnesiyam har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe, daga nan sai ta ji sauƙi, kowa ya ɗauka an wuce wurin. Amma hawan jini yakan kai ƙololuwarsa ne tsakanin kwana na uku da na shida bayan haihuwa, wato daidai lokacin da ake shirin tafiya gida. Irin wannan mace ko dai ta ƙara kwana, ko a tabbatar akwai inda za a riƙa auna ta kullum a makon farko.

Wadda ta yi doguwar naƙuda, kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara, ana barin mata robar fitsari kwana 7 zuwa 14 don naman da ya matsu ya warke kada ya huje. Cire robar da wuri saboda ta dame ta na iya zama sanadin yoyon fitsari, cutar da ake da cibiyar tarayya ta musamman domin ta a Ningi. Haka ake yi idan an ji wa mafitsara rauni a lokacin aiki. Wadda faya ta fashe mata tun da daɗewa, ko aka yi ta sa mata hannu a gida, tana cikin haɗarin ƙwayoyin cuta a mahaifa, kuma takan buƙaci allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya har sai ta yi awa 24 zuwa 48 babu zazzaɓi. Mai sikila, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya, wadda mahaifarta ta fashe, da wadda aka ƙara wa jini leda da yawa, duk mako ɗaya ko fiye ba abin mamaki ba ne gare su.

Wani lokaci uwa ta warke, jariri ne ke riƙe su. Cutar shawara takan fito wa jariri a kwana na biyu zuwa na uku ta yi ƙarfi a na uku zuwa na biyar, kuma idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa har abada. Wadda ta bayyana a awa 24 na farko ta gaggawa ce. Ana duba ta a hasken rana, a farin ido da dasashi. Shanya jariri a hantsi ba ya maganin mai tsanani, fitilar asibiti ce ke yi. Kada a sa kafur a kayan jariri, domin yana fasa jinin yaran da ke da wani rauni na gado da ya yawaita a Najeriya. Kafin a fita a tabbatar yana kama nono, yana fitsari, an yi masa allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan inna.

Suna, kuɗi da gado

Abin da ke fitar da mata kafin lokaci sau da yawa ba na likitanci ba ne. Ranar suna na matsowa, an sayi rago, dangi sun fara isowa, sai miji ya nemi a sallame ta ko ya sa hannu ya ɗauke ta. Raɗa suna da yanka ba sa buƙatar mai jego ta kasance a gida, kuma taron mata ana iya ɗaga shi. Akwai kuɗin gado da na magani da na abincin mai jinya, akwai yaran da aka bari a gida. A manyan asibitocin da ake turo marasa lafiya, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi da asibitin tarayya na Azare, buƙatar gado ma tana da nata nauyi. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan asalin Misau, ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta, kuma yana da kyau iyali su tambaya tun a awon ciki ko asibitinsu yana ciki. Riƙe mace a asibiti don ba ta biya ba kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa shi cikin cin zarafin masu haihuwa tun 2014.

Daɗewa babu dalili ma tana da illa. Ɗakin da ya cika yana yaɗa ƙwayoyin cuta masu jure magani, mace ba ta samun barci, kwanciya tana ƙara haɗarin daskarewar jini, kuɗi kuma yana tafiya.

Bayan an koma gida

Ruɓewar ɗinki ba ta cika nunawa a asibiti ba, takan fito a kwana na huɗu zuwa na bakwai ko bayan haka. Wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, ko ya fara fitar da ruwa ko mugunya. A wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a tsane da tsumma mai tsabta, a bar shi ya sha iska, musamman ga mai teɓa da fata ke rufe wurin. Ba a shafa masa toka, man shanu ko garin magani.

Wankan jego yana buƙatar gyara ga wadda aka yi wa aiki. Fyaɗa tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya a ciki yana ƙona fatar da ke kusa da ɗinki, wadda sau da yawa ba ta jin zafi sosai saboda an yanke ƙananan jijiyoyinta, don haka mace na iya ƙonewa ba ta sani ba. Ruwa mai ɗumi ya wadatar, kuma ba a danna ciki ko ɗaure shi tamau. Kunun kanwa yana da gishiri mai yawa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shansa da zafin wanka da ciwon zuciyar masu jego, saboda haka mai hawan jini ko kumburi ta bar shi gaba ɗaya. Daka, ɗiban ruwa a rijiya da ɗaukar abin da ya fi jaririn nauyi su jira mako shida, wanda ya yi kusan daidai da arba'in.

A koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan jini ya jiƙa auduga cikin awa ɗaya ko yana fita da manyan gudaji, ko an ga zazzaɓi da rawar sanyi, jinin biƙi mai wari, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, jijjiga, haki ko ciwon ƙirji, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ko fitsari na zuba ba tare da an ji ba. Iyalin da ke nesa su tanadi lambar mai mota tun kafin sallama. Idan babu hali, ya fi a sauka gidan ɗan uwa a cikin gari har a cire zare.

Takardar sallama a adana ta. A ciki ake rubuta dalilin aikin da irin yankan da aka yi wa mahaifa, wanda ba lallai ya zama iri ɗaya da na fata ba, kuma da shi likita zai yanke ko za ta iya gwada haihuwa da kanta a gaba. Ana so a bar aƙalla wata 18 zuwa 24 kafin wani cikin don tabon mahaifa ya yi ƙwari, kuma duk haihuwar da za ta biyo baya a yi ta a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jinin ƙari.