Na'urar Auna Gudun Mota: Ingancinta da Ƙalubalantar Tara

Na'urar auna gudu ita ce abin da jami'an hanya ke amfani da shi wajen gane motar da ta wuce ƙa'idar gudu. Akwai ta hannu, wadda direbobi ke kira bindiga, akwai kuma kyamarar da ake kafewa a gefen titi tana ɗaukar lambar mota. Kyamarar ta samo asali ne daga Maurice Gatsonides, ɗan tseren mota na ƙasar Holan, wanda ya kafa kamfaninsa a 1958 bayan ya ƙera na'urar don auna gudun kansa.

A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana aiki da dokarta ta 2007 da ƙa'idojin hanya na 2012. Iyakar ƙaramar mota ita ce kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tasi da bas ba sa wuce 90, tirela da tanka kuwa 60 ne ƙarshensu. A Abuja, faɗin titin filin jirgin sama da na Kubuwa kan ruɗi direba ya taka mota bai sani ba.

Yadda take aunawa

Nau'i na farko, wato rada (radar), tana harba igiyar rediyo, ta bugi mota ta dawo. Idan motar na tunkaro na'urar, igiyar kan dawo a matse, kuma daga wannan bambancin ake lissafa gudu, bisa ƙa'idar da Christian Doppler ya bayyana a 1842. Leza kuwa tana aika ɗigon hasken da ido ba ya gani, a jere cikin sauri, tana auna yadda tazara ke raguwa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Nau'i na uku kyamarori biyu ne masu nisa da juna: ta farko ta rubuta lokacin shigar mota, ta biyu ta rubuta na fita, a raba tazara da lokaci. Taka birki a gaban kyamara ba ya ceton mutum daga wannan nau'in.

Inda kuskure ke shigowa

Na'urar da aka saita daidai ba kasafai take kuskuren lamba ba, kuma ɗan abin da ke saura ana yafe shi. A Jamus ana cire kilomita 3 daga gudun da bai wuce 100 ba, da kashi 3 cikin ɗari a sama da haka. Matsalar ta fi yawa wajen tambayar: gudun wace mota aka auna?

Igiyar rada tana buɗewa kamar hasken tocila. Mai faɗin digiri 12 kan mamaye kusan mita 21 a nisan mita 100, wato fiye da layi biyar na titi. Tana kuma fifita abin da ya fi mayar mata da igiya da ƙarfi. Don haka tirelar da ke gangarowa daga tudun Kugbo da ke Abuja a baya tana iya ba da lambar da za a ɗora wa ƙaramar motar da ke gaba, tunda ita jami'i ya fara gani.

Leza ta fi tsini, faɗinta bai wuce kusan mita ɗaya ba a nisan mita 300. Nata raunin a hannun mai riƙe da ita yake. Ana so a saita ta kan lambar mota ko fitilar gaba, amma idan hannu ya yi rawa hasken ya zame daga gilashi zuwa hancin mota, na'urar na iya ɗaukar zamewar a matsayin ƙarin gudu. Sababbin na'urori sukan ƙi ba da lamba idan haka ta faru. Hazo da ruwan sama suna rage nisan da take kaiwa.

Sai batun kusurwa. Jami'in da ke tsaye a gefen titi yana samun lambar da ta gaza ainihin gudu: a digiri 30, mai gudun 100 zai fito 87, kuma wannan riba ce ga direba. Kyamarar da aka kafe kuwa an sa mata lissafin cike wannan giɓi. Idan an tsara ta kan digiri 20, sai iska ko wata mota ta goce ta zuwa 10, mai gudun 100 zai fito kusan 105.

Shi ma malejin mota ba abin rantsuwa ba ne. Tayar da ta fi ta asali girma tana sa ya nuna ƙasa da gaskiya. Motocin da aka shigo da su daga Amurka kuma manyan lambobinsu na mil ne: allura a kan 65 na nufin kusan kilomita 105.

Ƙalubalantar tara

Takardar laifi da jami'in FRSC ke rubutawa zargi ce, ba hukunci ba. Biyan tara na nufin mutum ya haƙura da zuwa kotu, don haka mai niyyar jayayya kada ya fara biya. Ya karɓi takardar cikin natsuwa, ya duba lambar mota, rana, lokaci, wuri da laifin da aka rubuta. Ya nemi a nuna masa abin da na'urar ta nuna, ya lura da motocin da ke kusa da shi, ya ɗauki hoton allon iyakar gudu na wurin, ko rashinsa. Cacar baki a bakin titi ba ta haifar da komai sai ƙarin laifin hana jami'i aiki.

Daga nan yana iya kai koke a rubuce ga kwamandan ofishin da ya ba da takardar, ko ya bari a je gaban majistare, sau da yawa a kotun tafi-da-gidanka. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa mai tuhuma nauyin kawo hujja. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya ce kafin a karɓi abin da kwamfuta ta fitar, sai an nuna na'urar na aiki daidai a lokacin. A nan lauya ke neman takardar saitin na'urar da ranar da aka yi shi, shaidar horon jami'in, da hoton da ke nuna motar ita kaɗai a wurin awo. Ga tarar kyamara, a gwada launi da samfurin motar da ke hoton da na takardun mallaka, domin ƙura ko lambar bogi kan sa tara ta faɗa kan wanda motarsa ke ajiye a gida. Wanda ya sayar da mota bai sauya sunan mallaka ba, shi zai ci gaba da samun saƙon tara.

"Kowa ma haka yake gudu" ba hujja ba ce a gaban alƙali, haka nan "ban ga allo ba" a inda allon ke tsaye.