Rikicin ma'aurata: daga zauren gida zuwa gaban alƙali

Idan mace ta yi yaji, wa ya kamata ya fara sa baki?

Waliyyai. Su suka ba da auren, su suka karɓa. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tura mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Sai dai biko a wurinmu yawanci bai wuce "yi haƙuri, koma ɗakinki" ba, a haɗa da turmin atamfa, babu mai tambayar abin da ya fitar da ita. In kuwa kuɗin cefane ne, ko rabon kwana da kishiya, ko uwar miji mai tsoma baki har a tukunyar miya, ba da daɗewa ba za ta sake ɗaure kayanta.

In dangi sun kasa fa?

Sai mai unguwa ko limamin unguwa. A Kano kuma akwai Hukumar Hisba, wadda doka ta kafa a 2003, kuma sasanta ma'aurata na cikin manyan ayyukanta. Shawarata, duk abin da aka daidaita a kai a rubuta shi: nawa za a riƙa bayarwa, yaushe, su wa suka shaida. Alkawarin baka kowa yadda ya ga dama yake tuna shi.

Hisba za ta iya raba aure?

A'a, ba kotu ba ce. In miji ya ƙi saki, alƙali ne ke da wannan hurumi.

To me ake yi a kotun Shari'a?

Alƙali ma yakan ɗage zama ya ce a je a sasanta. In abin ya ci tura, mace na iya neman khul'i, ta mayar da sadaki ta fanshi kanta. Amma wadda ta tabbatar da cutarwa, kamar duka ko hana ta ci da sha, a mazhabar Malikiyya ana iya raba auren ba ta biya ko kwabo ba. Mata da yawa ba su san wannan bambanci ba, sai su biya abin da bai hau kansu ba.

Yaran fa?

A Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, muddin uwar ba ta sake aure ba. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna wuyan uba.