Harajin gida a Legas: tsoho ɗan haya ba ya sauke wa mai gida nauyi

Jama'a wannan maganar da ake ta turawa a WhatsApp tsakanin 'yan uwanmu na Agege da Mile 12, wai duk mai gidan da ya ba tsoho ko mai buƙata ta musamman haya an yafe masa harajin gida, ba haka doka ta ce ba. Har na ji wasu sun ajiye takardar biyan kuɗinsu saboda ita.

Harajin da ake nufi shi ne Land Use Charge na jihar Legas, dokar 2020 da ta maye gurbin ta 2018. Sassauci kam akwai shi. Ɗan fansho ko wanda ya kai shekara 60 ya daina aikin samun kuɗi ba ya biya, mai shekara 70 zuwa sama da mai naƙasa kuma an sa musu ragin kashi 10 cikin 100.

To amma ga inda ake yin tuntuɓe, dole gidan ya zama nasa ne kuma shi ke zaune a ciki. Biyun tare. In kai ne mai gida kana Ikeja, dattijon na ɗakinka na Agege yana biyan haya duk shekara, tsufansa bai rage maka ko kwabo ba, don doka mai gida take kallo ba wanda ke kwana a ɗaki ba. Shi ma ɗan fanshon da zarar ya zuba 'yan haya a gidan lissafi ya canza, don gidan da ke kawo kuɗi rukuninsa daban ne, kuma ragin ma sai ka nema da takardun shaida, ba wanda zai biyo ka da shi har gida.

Sai tara. Bayan gyaran 2020, in ka wuce kwana 45 da samun takarda ba ka biya ba ana ɗora maka kashi 10, bayan kwana 75 ya koma 20, bayan 105 kuma kashi 50. Kafin gyaran ma har ninki ake yi.

Ni dai a ganina an bar giɓi, domin yawancin tsofaffinmu a Legas ba su da gidan kansu, haya suke yi, kuma mai gida in haraji ya matse shi kan kuɗin haya yake hucewa. Wanda ya fi buƙatar sassaucin shi ne bai samu ba. Amma wannan koke ne da za a kai majalisar jiha a Alausa, takardar da ke hannunka kuwa kwanakinta tafiya suke yi.